Kakar da Ba Ta da Zakara: Yadda Korona Ta Tsinke Gasar Firimiyar Najeriya

Duk wanda ya taɓa bin titin Ƙofar Mata da yammacin Lahadi, ranar da Kano Pillars ke wasa a gida, ya san ba a wucewa cikin sauƙi. Tun bayan azahar 'yan A Daidaita Sahu ke sauke jama'a. Masu rake na fere, masu ruwan leda na ratsa layi da bokiti a ka, yara sanye da riguna kore da ruwan ɗorawa suna laluben babban da zai riƙe hannunsu ya shige da su. Da ƙarfe huɗu alƙalin wasa zai hura usur, idan kuwa Rabi'u Ali Pele ya ajiye ƙwallo zai buga bugun tazara, sai filin ya yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa, kafin ihun "Sai Masu Gida!" ya tashi har 'yan Kantin Kwari su jiyo.

Na bi ta wannan titi a azumin shekarar 2020, a ɗaya daga cikin ranakun da gwamnati ke sassauta dokar kulle don mutane su fita cefane. Ƙofofin filin wasa na Sani Abacha a garƙame suke, jami'an tsaro na zaune a bakinsu da takunkumi a fuska. A ciki, inda aka saba ganin 'yan wasa, an kafa manyan tantuna farare. Gwamnatin jiha da Gidauniyar Ɗangote sun mayar da filin cibiyar killace masu cutar korona. Na daɗe a tsaye a tsallaken titi ina kallon katangar. Babu mai rake, babu mai ruwa, babu ko yaro ɗaya. A ranar ne na tabbatar a raina cewa kakar wasan da aka ce an dakatar na mako huɗu ba za ta dawo ba.

Ba ta kuma dawo ɗin ba.

Yadda aka faro

An buɗe gasar Firimiyar Najeriya ta 2019/2020 a ranar 3 ga Nuwamban 2019 da ƙungiyoyi 20, kowace za ta buga wasa 38, gida da waje. Masu bin gasar sun yi murna, kuma da dalili. Rabon da a buga cikakkiyar kaka tun 2017. A 2018 rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, tsakanin Amaju Pinnick da Chris Giwa ya sa aka tsayar da gasar bayan wasan mako na 24, aka tura Lobi Stars da ke kan teburi ta wakilci ƙasa a Afirka, babu wadda ta faɗi. Hakan ya sa ƙungiyoyi suka kai 24 a 2019, dole aka raba su rukuni biyu aka yi gajeriyar gasa, sannan shida da suka yi fice suka haɗu a Agege da ke Legas, Enyimba ta ɗauki kofin. Saboda haka kakar da aka fara a Nuwamba ita ce ake sa ran za ta mayar da gasar kan turba.

Arewa ta shigo da ƙarfinta. Ga Pillars da ta ci kofin ƙalubale na Aiteo a Kaduna watanni kaɗan kafin nan, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Ga Katsina United a filin Muhammadu Dikko, ga Wikki Tourists ta Bauchi, ga Nasarawa United a Lafiya, ga Lobi Stars a Makurɗi, ga Kwara United a Ilori. Jigawa Golden Stars da Adamawa United kuma sabbin hawa ne, sun zo da zumuɗin wanda ya daɗe yana leƙe ta taga. Amma wadda ta ja zarenta tun da wuri ita ce Plateau United ta Jos, ƙarƙashin koci Abdu Maikaba, Bakano wanda ya horar da Wikki ya kuma ci wa Akwa United kofin Aiteo a 2017.

Wanda ya kalli Plateau a waccan kakar zai shaida cewa Maikaba ya haɗa ƙungiya mai natsuwa. Ba sa gaggawa, suna ajiye ƙwallo a ƙasa, ga tsaron baya da ba a keta shi da arha. Kyaftin Elisha Golbe na riƙe da ragamar yaransa, Ibrahim Mustapha da Tosin Omoyele na addabar masu tsaron raga. Sabon filin Jos da ke kan titin Zariya ya zama wurin da baƙo ke shiga da fargaba. Abin da ya fi muhimmanci a gasa irin tamu, inda cin wasa a waje ya fi haƙar rijiya da allura wuya, shi ne suna tsinto maki a gidan mutane. Zuwa wasan mako na 25 suna da maki 49. Rivers United na biye da 45, Lobi Stars na da 43. Saura wasa 13.

Watan Maris

A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya shigo da cutar Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A filayen wasa ba wanda ya damu. Muna jin labarin Chaina da Italiya a rediyo kamar labarin wata duniya, wasu ma na cewa zafin ranarmu kaɗai ya ishe ta.

Abin da ya fara girgiza gasar a watan Maris ba korona ba ce. Ranar Lahadi 8 ga wata, ana tsaka da wasa tsakanin Nasarawa United da Katsina United a Lafiya, ɗan wasan baya na Nasarawa, Chineme Martins, ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Hotunan bidiyon da suka bazu sun nuna yadda aka rufu a kansa ana fifita, ana ƙoƙarin buɗe masa baki, babu alamar wanda ya san abin da ya kamata a yi wa mutumin da zuciyarsa ta tsaya. Motar ɗaukar marasa lafiya da aka ajiye a filin ta ƙi tashi. Da wata mota aka kai shi asibiti, inda aka tabbatar rai ya yi halinsa. Ina kawo wannan ne domin duk maganar da aka yi daga baya kan ko gasar za ta iya dawowa cikin annoba, amsarta tana nan a Lafiya. Gasar da motar asibitinta ba ta tashi a ranar da babu annoba, ta yaya za ta yi wa ɗaruruwan 'yan wasa gwaji kowane mako?

Kwana goma bayan haka, ranar 18 ga Maris, NFF ta sanar da dakatar da duk harkokin ƙwallon ƙafa a ƙasar na tsawon mako huɗu. A daidai lokacin ne aka ɗage gasar wasanni ta ƙasa da jihar Edo ta gama shirin karɓa. Ƙungiyoyi suka sallami 'yan wasa, kowa ya kama hanyar gida.

Hanyar gidan ma ba ta bar su ba. Ranar 22 ga Maris ɗan wasan gaba na Enugu Rangers, Ifeanyi George, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Benin zuwa Agbor yana kan tafiya Legas hutun dole. A wannan rana dai masu garkuwa da mutane suka sace Dayo Ojo na Enyimba da abokin tafiyarsa Benjamin Iluyomade na Abia Comets a hanyar Benin zuwa Owo, sai bayan 'yan kwanaki suka kuɓuta. Cikin mako biyu gasar ta yi jana'iza biyu, ta kuma yi zaman jiran waya daga daji. Allah Ya kyauta.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa a jere. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja. Ranar 11 ga Afrilu Kano ta samu mai cutar na farko, ba a yi mako guda ba aka rufe gari. Azumi ya kama mutane a cikin gida, babu tarawihi a masallatai, babu tafsiri sai a rediyo. Sai ga mace-macen da suka riƙa ɗauke dattawan Kano, malamai da 'yan boko da attajirai, har masu haƙar kabari suka fara kokawa. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle jihar baki ɗaya, an kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. A irin wannan hali, ko mahaukacin ƙwallo ba ya buɗe baki ya tambayi yaushe za a dawo fili.

Waɗanda ba a lissafa da su ba

Idan ana maganar asarar da aka yi, yawanci maki da kofi ake ambata. Ni kuwa mutanen bakin ƙofa nake fara tunawa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya shekara fiye da ashirin yana tura kurar rake zuwa filin wasa. Lissafin gidansa a kan jadawalin gasar yake. Ya san makon da Pillars ke gida da makon da take waje fiye da yadda wasu 'yan jarida suka sani, domin cinikin yammaci ɗaya na ranar wasa ya fi na kwana uku a bakin titi. Ranar da Enyimba ko Rangers za su zo, tun daren Asabar yake ƙaro dami. A watannin kulle na riƙa ganin kurar a jingine a jikin katangar gidansa, tayoyin sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da aka buɗe gari ya koma bakin titi, amma filin bai buɗe ba. Irinsa suna da yawa a Jos da Bauchi da Katsina da Lafiya: mai tsire, mai gyaɗa, mai ɗinka tutoci da rigunan ƙungiya, masu gadin babura, makaɗan ƙungiyar magoya baya, direban bas da ke kai su wasan waje, da mai ƙaramin otal da baƙin 'yan wasa ke sauka. Babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a wata takardar hukuma, don haka da aka zo rabon tallafi ba wanda ya neme su.

Su kansu 'yan wasan ba su tsira ba. Mutane na jin an ce ɗan ƙwallo sai su hango motoci da gidajen 'yan Turai. A ƙa'idar kamfanin da ke gudanar da gasar a lokacin, LMC, mafi ƙarancin albashin ɗan wasa naira 150,000 ne a wata, amma tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke shiga aljihu akwai tafiya. Da yawansu alawus ɗin wasa ne ke riƙe da su, wanda ake bayarwa idan an ci ko an yi canjaras a waje. Babu wasa, babu alawus. Kuma a lokacin kusan duk ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, in ka cire irin su MFM ta Legas da FC Ifeanyi Ubah ta Nnewi. A daidai lokacin farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, har gwamnatin tarayya ta sake lissafin kasafin kuɗinta daga dala 57 kowace ganga zuwa 28. Kason jihohi ya ragu, ga hidimar annoba. Gwamnan da ke neman kuɗin gadajen asibiti, takardar albashin 'yan ƙwallo ita ce ta ƙarshe da zai duba a kan teburinsa.

Na riƙa ganin wani matashin ɗan wasa, daga ƙaramar gasa yake, yana fitowa bayan sallar asuba zuwa filin makarantar firamaren da ke bayan layinmu. Shi kaɗai. Yakan jera duwatsu a ƙasa maimakon robobin atisaye, ya yi ta zagaya su da ƙwallo, ya buga wa katangar aji ta dawo masa, ya tare da ƙirji. Kafin gari ya waye sosai ya naɗe kayansa ya koma, gudun kada jami'an kulle su gan shi. Da bakin azumi yake wannan. Ɗan ƙwallo jikinsa ne jarinsa, kuma shekarun cin moriyarsa ba su da yawa. Wanda annoba ta cinye wa shekara guda yana da ashirin da biyu, ba shi da inda zai je ya karɓo ta.

Gidajen kallon ƙwallo ma an rufe su, amma su nasu ya zo da sauƙi. Jamus ta dawo da gasarta ranar 16 ga Mayu, Ingila ta bi baya ranar 17 ga Yuni, aka riƙa wasa a filayen da babu kowa. Da gari ya fara buɗewa matasanmu suka koma gaban talabijin suna kallon Liverpool na ɗaukar kofin da ta shekara 30 tana nema. Abin da ya sa Turawa suka iya dawowa a fili yake: kuɗinsu na talabijin ne, ko da 'yan kallo ko babu za a biya su muddin an buga, kuma suna da halin yi wa kowa gwaji sau da yawa a mako. Mu kuwa tun 2017 SuperSport ta janye daga nuna gasarmu. Wasan da babu 'yan kallo, babu kyamara, sai kuɗin mai da na otal da na gwaji, asara ce tsagwaronta. Ƙari a kan haka, Turai jirgi ake hawa. A nan ƙungiya za ta taso daga Dutse zuwa Fatakwal a bas, ta ratsa jihohi kusan goma, alhali an rufe iyakar kowace jiha. Sai ranar 1 ga Yuli aka ɗage wannan haramci.

Rabon gado ba wasiyya

Da ta tabbata ba za a koma fili ba, sai aka koma teburin shawara, a nan ne kuma rigima ta tashi. Babu wata doka da kowa ya amince da ita tun farko wadda ta fayyace abin da za a yi idan kaka ta tsinke a tsakiya, duk da cewa shekara biyu kacal da suka wuce an shiga irin wannan rami. Shi ya sa kowace ƙungiya ta zo da shawarar da ta dace da matsayinta a teburi. Na sama na cewa a tsaya a nan. Na tsakiya masu hangen tikitin Afirka na cewa a tara shida na farko a gari ɗaya su kece raini, kamar yadda aka yi a Agege. Na ƙasa kuwa addu'arsu ɗaya ce, a ce babu faɗuwa.

A watan Yuni shugabannin ƙungiyoyin suka kaɗa ƙuri'a ta intanet. Goma sha bakwai suka zaɓi a rufe kakar a yi amfani da lissafin matsakaicin maki, wato a raba makin kowace ƙungiya da yawan wasannin da ta buga. Rangers ta nemi a yi gasar 'yan shida, Akwa United da Lobi Stars suka ƙi jefa ƙuri'a. A watan Yuli NFF ta sa hannu: an rufe kaka, babu wadda za ta faɗi, babu wadda za ta hau, kuma ba a miƙa wa kowa kofi ba.

Dalilin wannan lissafi shi ne ba kowa ya buga wasa 25 ba. Enyimba ta Aba tana can tana fafatawa a gasar Afirka, don haka tana da kwantan wasa biyar. Ta buga 20, tana da maki 36. Plateau dai ba ta da abokin gardama, 49 a raba da 25 ya ba da 1.96. Matsalar tana wurin na biyu. Rivers United, 45 a wasa 25, ya ba da 1.8. Enyimba, 36 a wasa 20, shi ma 1.8. Kunnen doki, ba ƙari ba ragi. Kuma ba ƙaramin abu ake rabawa ba, domin na ɗaya da na biyu ne ke zuwa gasar Zakarun Afirka, na uku kuwa sai ƙaramar gasar ta Confederation. Teburin ƙarshe da aka fitar ya ɗora Enyimba a na biyu, Rivers a na uku. Mutanen Fatakwal suka ce ba su san zance ba, suka ce an ba wa Enyimba makin wasannin da ba ta buga ba, alhali wasu daga cikinsu a waje ne inda kowa ya san yadda ake dawowa hannu rabbana. Suka yi ta rubuce-rubuce, har da barazanar kai ƙara kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne. Hukuncin dai bai canja ba. Tikiti na huɗu ya faɗa hannun Kano Pillars, tunda ba a buga kofin Aiteo na 2020 ba, ita ce kuma mai riƙe da na 2019.

A ganina koken Rivers yana da tushe, amma wadda aka fi zalunta ita ce wadda ta fi kowa yin shiru, wato Plateau United. An buga kusan kashi biyu cikin uku na kakar. Duk lissafin da aka yi, na ɗanyen maki ko na matsakaici, ita ce a sama. An yarda da teburin wajen rabon tikitin Afirka, amma da aka zo kan kofi sai aka ce teburin bai cika ba. Idan ma'aunin ya isa a auna wa Enyimba da Rivers, me ya hana a auna wa Plateau da shi? Ba mu kaɗai muka shiga wannan hali ba, kuma kowa ya ga yadda wasu suka yi. Faransa ta rufe gasarta da irin wannan lissafi ta ba PSG kofi. Beljiyam ta ba Club Brugge. A nan maƙwabta, Kamaru ta naɗa PWD Bamenda, karo na farko a tarihinta. Gaskiya ne Holan ta rufe ba zakara, amma can Ajax da AZ kunnen doki suka yi a maki. Ghana da Nijar kuwa soke kakar suka yi gaba ɗaya. Mu sai muka tsaya a tsakiya, ba mu soke ba, ba mu naɗa ba.

Akwai kuma waɗanda hukuncin ya yi wa daɗi. Adamawa United da ke can ƙarshen teburi ta samu rai na biyu, haka sauran da ruwa ya kai musu wuya. Sai dai abin da ya zama rahama a sama ya zama ƙulli a ƙasa. Gasar 'yan dagaji ta NNL, wadda ake rabawa rukunin Arewa da na Kudu, ita ma an shafe ta. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, Gombe United, Niger Tornadoes da Yobe Desert Stars, waɗanda suka faɗo a 2019 suna rantsuwar shekara ɗaya za su yi su koma, sai suka wayi gari an rufe ƙofar sama da kwaɗo. Ƙasa da su kuma akwai gasar NLO da gasannin jihohi, inda yaran unguwa ke fara nuna kansu. Waɗannan ko sanarwar kirki ba a tsaya yi musu ba.

Ranar biyan bashi

Illar zaman wata takwas ba wasa ta fito fili a ƙarshen Nuwamba, lokacin da gasannin Afirka suka fara alhali tamu ba ta dawo ba. Plateau ta karɓi Simba ta Tanzaniya a Jos. Tanzaniya ta koma fili tun watan Yuni, ta ƙarasa kakarta, ta shiga sabuwa. Yaran Maikaba kuwa rabonsu da wasan gasa tun Maris, sai wasannin sada zumunci. Simba ta ci ɗaya mai ban haushi a Jos, aka tashi babu ci a Darussalam. Shi ke nan. Ladan wahalar wasa 25 ya ƙare cikin mako guda.

Pillars ma haka. Jaraaf ta Senegal ta doke ta 3 da 1 a can, aka dawo aka yi canjaras babu ci. Kuma ba a Ƙofar Mata aka yi wasan ba, a filin Ahmadu Bello na Kaduna aka yi, domin gidan Masu Gida bai farfaɗo daga zaman asibitin da ya yi ba. Ƙungiyar da ta taɓa shafe fiye da shekara goma ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, ta zama 'yar haya a garin wasu. Ko da Ahmed Musa ya dawo ya sa rigar Pillars a watan Afrilun 2021, abin da ya kamata ya cika Ƙofar Mata har waje, a Kaduna ya buga.

Enyimba ta tsallake zagayen farko, sannan Al Merrikh ta Sudan ta fitar da ita, ta gangaro ƙaramar gasar. Wa za ta tarar a can? Rivers United. Gardamar da aka yi wata da watanni ana yi a takarda sai ga ta a fili a watan Fabrairu. Kowa ya ci ɗaya a gidansa, aka je bugun fenariti, Enyimba ta haye. Na san mutanen Fatakwal ba su ɗauki wannan a matsayin amsar kokensu ba, kuma suna da gaskiya, domin wasan Fabrairu ba ya warware hukuncin Yuli.

Sai ranar 27 ga Disamban 2020 aka buɗe sabuwar kaka, bayan wata tara da 'yan kwanaki, cikin dokokin hana cunkoso. Akwa United ce ta ɗauki kofin, ƙarƙashin Kennedy Boboye, mutumin da ya ci wa Plateau nata kofin a 2017. Adamawa United da Jigawa Golden Stars suka faɗi a ƙarshen wannan kakar, jinkirin bai hana abin da zai zo ba. Gombe United da Niger Tornadoes suka hau a 2021, El-Kanemi sai 2022. A 2022 ɗin ne Rivers United ta huce haushinta ta ɗauki kofi, Plateau ta zo ta biyu. A shekarar ne kuma Kano Pillars, mai kofi huɗu, ta faɗa gasar 'yan dagaji tare da Katsina United. Ba zan ɗora wa korona wannan duka ba, akwai sakaci da rikicin cikin gida, amma duk Bakanon da ka tambaya zai ce maka tun ranar da aka raba ƙungiyar da filinta abubuwa ba su sake zama daidai ba.

Yau LMC ta zama tarihi, an rushe ta a 2022, an sake wa gasar shugabanni har da suna. Pillars ta dawo, Ƙofar Mata ta sake cika, dattijon unguwarmu ya sa wa kurarsa sabbin tayoyi. Amma idan ka buɗe jerin zakarun Najeriya, ka gangaro daga Enyimba ta 2019 zuwa Akwa United ta 2021, za ka tarar da gurbi a tsakani, babu sunan kowa.

Kirana ga hukumar NFF da masu gudanar da gasar guda biyu ne. Na farko, a rubuta a cikin dokar gasa, kafin a buga ƙwallon farko na kowace kaka, wasa nawa za a buga kafin teburi ya zama hukunci, da yadda za a raba gardama idan an yi kunnen doki, kowace ƙungiya ta sa hannu. An tsinke mana kaka a 2018, an tsinke a 2020, babu mai tabbacin ba za a sake ba. Na biyu, a cike wancan gurbin. Abdu Maikaba da yaransa sun buga wasa 25, sun tara maki 49, babu wanda ya kamo su. A kai musu kofinsu Jos.